Jijiyoyin da Suka Taso wa Baba

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Ya Anti Bilki da yara? Mu nan Sheshe lafiya lau, sai kewarka.

Tun bayan Sallah ƙafar Baba ta hagu ta kumbura. Ran nan ina taya shi sauya kaya na ga jijiyoyi sun taso ruɗu-ruɗu, daga cinya har mara. Na taɓa karantawa cewa in babbar jijiyar ciki ta toshe, jini yakan bi ta ƙananan da ke sama, shi ya sa suke fitowa fili. Da na faɗa, Baffa Ado ya ce, "Sannu likitan waya. Mataccen jini ne, ƙaho zai zuƙe shi." Na ce, "Baffa, ƙafarka ce?" Har yau ba ya amsa gaisuwata.

Da ƙyar na kai Baba asibiti. Hoto ya nuna gudan jini ne ya toshe jijiyar. Suka ba shi maganin tsinka jini, suka ce kada a kuskura a tsaga shi. Amma Baffa ya riga ya kira wanzami, ranar Asabar zai zo, Baba kuwa ka san ba ya musa wa yayansa.

Yaya, bakina ya ɓata min komai. Da kana nan, zama za ka yi a gefen tabarmar Baffa, ka yi magana a hankali, ya ce to. Shekara uku ke nan babu mai yi mana haka. Don Allah ka kira shi kafin Asabar. In da hali ma ka zo, Inna har yanzu tana share ɗakinka.

Ka sa Baba a addu'a, ni kuma ka roƙa min sanyin zuciya. Ka gaida mutanen gida duka.

Ƙaninka,
Nura