Auta Ya Daina Gaishe Ni

'Yata,

Ina gaishe ki, ke da maigidanki da yara. Ya ƙafar ƙaramin, ta warke? Mu nan lafiya, sai gwiwa, ita kuma mun saba da juna.

Ba zan ja magana ba, kin san ni da biro ba ma shiri. Ƙaninki Auta ya daina gaishe ni. Kin san wurin zamana, kujerar nan ta bakin ƙofa, hannun dama in an shigo. Da, in ya dawo daga kai 'yan makaranta a bas, wurina yake fara tsayawa. Yanzu sai ya wuce ni fuu kamar buhu aka jingine. Sai na yi gyaran murya sannan ya juyo, wai ashe ina nan. To ina zan je?

Ni matarsa nake zargi. Ta kwashe kayan falo, tebur da fanka har da kwandon takalma, ta tura su gefe guda, ba wanda ta tambaya. In na shigo suna ƙus-ƙus sai su yi tsit. Ga sabon salo kuma: kullum da safe sai ta haye gaban bas ta zauna kusa da shi, wai kasuwa za ta. Wace kasuwa ce ake dawowa da jaka ba ko albasa?

Jikin motar ma duk ya goge ta gefe ɗaya. Ya ce ƙofar makarantar ce ta yi matsi. Na shinshina rigunansa, na laluba aljihu, ban ji warin komai ba, ban ga ƙwaya ba. Don haka ba shaye-shaye ba ne. Ina jin so suke in gaji in tattara in koma wurinki. Gidan ubanku ne, ba inda za ni.

Ki gaida kowa.

Uwarki.

'Yata,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kuna lafiya. Na ga amsarki, kin ce in rage sa ido. Da na rage, da ban ga abin da na gani ba.

Ran nan rana ta dame ni, na ja kujera na dawo tsakiya, daidai saitin ƙofa. Tun daga nesa Auta ya washe baki yana gaishe ni, har da tambayar gwiwa. Na ce to, yau an tashi da hankali. Washegari na koma wurina na da. Ya wuce ni.

Da ya zauna cin abinci na ajiye masa kofin ruwa a hannun damansa, kusa da gwiwar hannu. Ya ci, ya ƙware, yana tari yana kiran a kawo ruwa, ga ruwa nan a gefensa. Na taɓa ganin wannan. Haka babanku ya fara. Ke kina ƙarama lokacin. Ba ciwo, ba ja, ido fes kamar na kowa, sai dai ya yi ta bugun kafaɗa da ƙofa muna masa dariya. Ganin ya yi ta tsukewa ta gefe, har ya zama kamar mai leƙe ta bututu, daga nan shi ke nan.

Na ritsa matar a kicin na rufe ƙofa. Ban ko ɗaga murya ba ta fashe da kuka. Ashe ta daɗe da sani. Kayan falo ta kawar ne don kar ya yi ta karo. Kasuwar kuwa ƙarya ce, ita ce idonsa na dama. Tana zaune a gaba tana faɗa masa ga mai keke, ga mai tura kaya, ja hagu. Da 'ya'yan mutane cike a baya! Ya rantsar da ita kar ta faɗa, wai in aka ji za a karɓe motar.

Na ce mata ta share hawaye, kuka ba ya tuƙi. Makullin bas ɗin yana ƙulle a bakin zanena yanzu haka. Na ce masa, "Ko asibiti, ko ka kwance zanen uwarka ka ɗauka." Gobe za mu.

Uwarki.

'Yata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ki gode wa maigidanki da kiran da ya yi.

Mun je. Sun sa haɓarsa a kan wata na'ura, in ya ga ɗan haske ya danna. Ina bayansa ina kallon hannunsa, ya daɗe bai motsa ba. Likitar ta ce hawan jinin ido ne. Ruwan cikin ido ne ba ya fita yadda ya kamata, sai ya yi ta matse jijiyar gani a hankali, mutum bai sani ba. Na ce a kankare masa mana, kamar yadda aka cire min yanar ido na dawo ina zura zare a allura. Ta ce wannan daban ne. Ita yana ana cire ta, amma jijiyar da ta mutu ba ta tashi. Idon dama ya kusa tafiya. Na hagu da saura, shi za a tsare. Magani ne na ɗigawa, safe da yamma, har iyakar rayuwa, in bai riƙe ba a yi aiki. Ta kuma ce in ido ya yi ja da azabar ciwo, ko gani ya ɗauke farat ɗaya, ranar za a zo, ba a jira wayewar gari ba.

Ta ce ba tuƙi. A hanya yana lallaɓa ni, wai zai riƙa tafiya a hankali, hanyar a kansa take. Na san ɗana. Ina ba shi makullin zai tada mota. Sai na sa takalmi na je wurin shugaban makarantar da kaina, na ajiye masa makullin, na faɗa masa komai. Ya ce zai duba ko za a mayar da shi kula da sito. Bai yi alkawari ba.

Matar tasa ita ke ɗiga masa maganin, ni ina tsaye ina kallo, don ban yarda da su biyun ba tukuna. Na dai ce mata na yi mata mummunan zato. Sau ɗaya na faɗa, ya isa.

Saura ke. Likitar ta ce abin yana bin jini, duk wanda ya fito daga tsatson babanku a auna shi. Kar ki rubuto min wai kina gani sarai, shi ma haka ya yi ta cewa. Zuwanki na ƙarshe na ga kin bugi ƙofar kicin kin ce santsi ne. Ki je, ki faɗa min abin da suka ce, kuma zan tambayi maigidanki a gefe.

Auta kuwa fushi yake da ni. Na dawo da kujerata tsakiya, saitin ƙofa. Jiya ya shigo, ya dube ni ido cikin ido, ya ɗauke kai ya wuce bai gaishe ni ba. Ban damu ba. Wannan karon ya gan ni.

Allah ya tsare ku.

Uwarki.