Ba Daga Kwamfutata Ba Ne

Yaya,

"Bar ta ta yi ta kunnawa tana kashewa, ai ba daga can ba ne." Haka na ji ka faɗa wa Anti jiya a falo, har da dariya. Ina tsaye bayan labule da tire a hannu, ban shigo ba.

Tun da na fara darasin shirin jarrabawa ta intanet, kwamfutata ta daina hawa wayifai ɗin gidan nan. Wayar kowa tana hawa, har talabijin. Na kawo maka, ka ce fayawol ne, na kashe. Ka ce ƙwayar cuta ce ta shige ta, in goge komai in sake zubawa. Na goge, Yaya. Duk abin da na rubuta na darasi ya tafi, na zauna ina zagin kaina.

Da safen nan na roƙi Anti ta raba min intanet daga wayarta. Nan take ta hau. Anti ko kallona ta kasa yi. Ashe lafiyarta ƙalau, a rauta aka toshe ta, kai kaɗai kuma ka san lambar sirrin shiga.

Na tafi gidan Gwaggo, can zan yi darasin yau. Kafin in dawo ka buɗe ta, kuma don Allah kar ka sake ce min fayawol.

In muka haɗu bakina ba zai buɗe ba, shi ya sa na rubuta. Intanet ɗin ne kake ƙyashin in taɓa, ko jarrabawar ce ba ka so in ci?