Kayen Baba Labbo a Cikin Keji

Talata da dare, Mafara

Har yanzu raina a ɓace yake. Yau a kasuwa Sanusi, ɗan ƙanwata, ya tare ni yana washe baki. Tun da ya tafi Legas ya shiga faɗan nan na cikin keji, mai haɗa kokawa da naushi da shuri.

"Kawu, duba ka gani, kayen marigayi Baba Labbo na yi."

Na duba bidiyon faɗansa da ya nuna min a wayarsa. Ba ƙarya, kayen ne: ya sunkuya, ya cafki ƙafa, ya kai mutum ƙasa. Sai kuma ya haye ƙirjinsa yana kirɓar fuskarsa har jini.

Baba Labbo fa, wanda ya fara tara mu kokawa a filin Janbako bayan girbi! A wurinsa, hannunka na taɓa ƙasa wasa ya ƙare. In ya kayar da kai, shi zai ɗaga ka, ya kakkaɓe maka baya.

Wai Sanusi har sunan Baba zai rubuta a wandonsa na faɗa. Na ce, "Kayen nasa ne, na yarda. Dukan wanda ke kwance kuwa, wannan naka ne. Rubuta sunanka."