Ni da Marigayi Wana, Amsarmu Ɗaya

Tanti Kaltuma, don Allah ki taimake ni, ban san wa zan faɗa wa ba a ce na zare.

Saura mako uku in yi konkur, wato jarrabawar shiga makarantar koyon tafiyar da kamfani a Yamai. Ɓangaren lissafi da fassara tablo, wato jadawalin lambobi, da zanen ƙididdiga shi ne ya tsaya mini a wuya. Littafin tsofaffin tambayoyin da nake bita da shi na wana ne, Yacuba. Bara ya shirya wa wannan konkur ɗin, zazzaɓi ya ɗauke shi saura kwana tara. Duk gefen shafukan rubutunsa ne da fensir.

Ina rufe amsarsa da takarda in yi tawa. In na buɗe, iri ɗaya. Ba a daidai kaɗai ba, Tanti, har a kuskure. Jiya bayan la'asar, wani zane na shinkafar da aka noma shekara biyu, na rubuta ta ninka. Na ɗaga takardar, shi ma haka ya rubuta, har da ɗan layin da yake ja a ƙasa, wanda ban san lokacin da na ja nawa ba. Littafin ya ce ƙarin kashi ashirin cikin ɗari ne kawai. Sai na ji kamar an tsaya a bayana ana leƙowa ta kafaɗata.

A shafi na tamanin da huɗu rubutunsa ya ƙare. Ina na saba'in da tara. Innarmu ta ce in ƙona littafin in haƙura da konkur. Wallahi tsoro nake ji, in na kai inda ya tsaya ni ma in tsaya.

Ƙanwar marigayi, Gaya

Ƴata, Allah ya jiƙan Yacuba. Ba ki zare ba, kewa ce, kuma Inna tana da hujja: ta binne ɗa ɗaya, ba ta son ganin na biyu a kan wannan hanya. Ki bi ta a hankali.

Amma wa ya koya miki lissafi tun kina ƙarama? Na tabbata shi ne. Kuma ku mutanen Gaya na san ku, ku kalli kamiyo, babbar motar kaya, sau ɗaya ku faɗi buhu nawa ya ɗauka. Da wannan idon kuke auna zane, ku ga sanda ɗaya a zanen ta ninka wata a tsawo ku ce ninki ne. Koma ki duba lambobin gefen zanen, zan yi mamaki in daga sifiri suka fara. Masu shirya konkur da gangan suke ɗana wannan tarko.

Kada ki ƙona littafin. Sami sabon kofi marar rubutu, ki riƙa karanta kan tablo da ma'auninsa kafin tambaya, ki sa agogo, wadda ta ƙi ki wuce ta. Ki yi wa wanki sadaka. Ajali ba ya cikin shafi. Sauran shafukan da bai samu ya yi ba, ki zauna da rana kusa da Inna ki yi su, ta ga kin wuce lafiya.

Allah ya ba ki sa'a, ya sanyaya zuciyar Inna.

Tanti Kaltuma