Filafilin Kawu Moidu

Beypore, Kozhikode.

Zuwa ga ƙanena Jalil,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar 'yar'uwa da ta daɗe ba ta ga fuskarka ba, tare da roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ku lafiya, kai da Shamna da yara. Yaya zafin Sharjah, yaya kuma ciwon bayan nan naka? Allah ya ƙara sauƙi, ya yi wa nemanka albarka. Mu nan kowa lafiya. Damina ta sauka da ƙarfinta, kogi ya cika, masunta sun ja jiragensu tudu. Umma tana nan da gwiwoyinta, amma tana cin abinci, tana kuma yi wa kowa faɗa, ka ga kenan da sauƙi. Rinsha ta gama jarrabawa. Babanta kuwa tun da ya bar aiki ya koma kiwon kaji, ga kajin nan sun fi shi ƙiba.

Kayan da ka aiko sun iso, babu abin da ya fashe, Allah ya saka da alheri. Amma ka san yayarka, sai na faɗi ra'ayina. Majigin nan ban taɓa ganin irinsa ba. Na sa an shafe bangon ɗakin sama da farin fenti, na rataya barguna a tagogi, da na kunna shi sai da na nemi wuri na zauna. Sai dai masu ƙera shi sun saita shi yadda motsin mutane zai riƙa sulɓi, fim ya koma kamar bidiyon biki. Na yi ta bin rimot har na gano inda ake kashe wannan shirme. Lasifikokin baya biyun nan da farko na ɗauka almubazzaranci ne, har ranar da aka yi ruwa a cikin wani fim, Baban Rinsha ya tashi da gudu zai kwashe shanya. Shi kuwa baƙin akwatin nan mai gurnani na rage masa murya, domin maƙwabciyarmu ta aiko tana tambaya ko injin niƙa muka saya.

Kuma kada ka sake ce mini in daina tara fayafayi wai komai yana intanet. A garin nan da hadari ya haɗu hoton sai ya dagargaje, fuskar jaruma ta koma kamar tabarma. Faifai kuwa yana hannuna, da kwalinsa, babu mai goge mini shi. Ba duka nake yabo ba. Akwai kamfanonin da in sun ce sun gyara tsohon fim, sai su wanke fuskokin mutane har su zama kamar na kakin zuma, su zuba launi kamar kantin alewa. Irin waɗannan ina kallonsu sau ɗaya in ba yara. Amma a cikin waɗanda na yi oda watan jiya akwai guda da aka yi wa aiki na tsoron Allah, kuma saboda shi na zauna rubuta maka wannan doguwar takarda. Fim ɗin Kawu Moidu ne.

Na san kana dariya tun yanzu. Dukanmu da wannan dariya muka tashi. Kawu ya ce shekarar da 'yan fim suka zo garin nan, kafin ya yi aure, shi ya tuƙa kwalekwalen da jarumi da jaruma suka haye bakin kogi a cikinsa. Lokacin da fim ɗin ya fito yana teku, ya bi jirgin katako zuwa ƙasashen Larabawa. Waɗanda suka kalla a tsohuwar silimar nan ta rumfar ganyen kwakwa suka ce ba su gan shi ba. Da kaset ya zo, ka tuna yadda muke cika ɗakin Umma, a kai wajen waƙar kogi, ga jarumi ga jaruma a zaune, sai bakin wani filafili da ke shigowa ta gefen dama yana fita. Kawu ya nuna da yatsa ya ce nasa ne. Abokinsa Alikoya mai shayi ya laƙaba masa Jarumi, sunan ya bi shi har jikoki. In ya zo wucewa sai Alikoya ya ɗaga murya ya ce a ba Jarumi hanya, filafilinsa ya yi suna a duniya, saura shi.

Abin da ba ka sani ba shi ne abin da ya faru wajen baikon jikarsa, 'yar ɗansa Nisar, kafin azumi. Dangin mijin sun zo daga Malappuram, ana cin shinkafar biriyani, hira ta biyo ta kan fina-finai, Kawu ya gyara zama ya fara. Bai kai rabi ba Nisar ya katse shi a gaban baƙi, ya ce su yi haƙuri, tsufa ne, baban nasa ya fara haɗa mafarki da gaskiya. Baƙin suka yi murmushi irin na tausayi. Jalil, da dariya suka yi da ya fi sauƙi. Kawu ya wanke hannu ya tashi. Tun ranar ya daina zuwa teburin Alikoya, ya daina zuwa bakin ruwa inda ake sassaƙa jirage, daga masallaci sai gida. Inna Pathumma, matarsa, ta gaya wa Umma cewa yini yake yi bai ce uffan ba, in an tambaye shi abu sai ya ce a tambayi masu hankali. Har Nisar ya fara maganar kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa a Kozhikode.

Ni ban sayi faifan don Kawu ba, don waƙoƙin na saya. A bayan kwalin an rubuta cewa daga ainihin zaren fim ɗin aka ɗauko shi, da cikakken faɗinsa. Ban kawo komai a raina ba. Wata Talata da hantsi na gama girki na hau sama ni kaɗai na saka. Tun daga farko na ga abin mamaki: hoton ya miƙe daga wannan kusurwar bango zuwa waccan, ɗakunan da na sani da ƙunci ashe faɗi gare su, mutanen da nake jin muryarsu ban ganinsu ashe suna tsaye a gefe. Sai a lokacin na fahimci cewa tsohuwar talabijin mai kusurwa huɗu yanke gefe da gefe take yi, ita ma silimar rumfa allonta ƙarami ne, ragowar hoton a kan ganye yake zuba. Shekara arba'in da wani abu muna kallon tsakiyar fim muna cewa mun ga fim. Da aka zo waƙar kogi na miƙe tsaye ban sani ba. Na tsayar da hoton, na sauka na jawo Baban Rinsha daga cikin kajinsa. Ya daɗe yana kallon bangon, sannan ya cire hularsa ya ce mun ci amanar bawan Allah.

Ban gaya wa kowa ba. Na aika cewa ranar Juma'a bayan an sauko akwai walimar sabon majigi, na yi gurasar shinkafa da miyar kifi. Na gayyaci Nisar da iyalinsa, na aika wa Alikoya cewa in bai zo ba na daina sayen shayinsa. Kawu ne ya ba ni wahala. Ya ce idonsa ba ya son haske, ƙafarsa ba ta son bene. Sai da Umma ta je da kanta, da gwiwoyin nan nata, ta ce masa ita ƙanwarsa in za ta iya hawa shi ma zai iya. Aka zaunar da shi a kujerar tsakiya. Da sunan fim ɗin ya fito a bango sai na ga ya dafa hannun kujera zai tashi. Inna Pathumma ta riƙe masa gefen zane. Alikoya ya buɗe baki zai yi abin da ya saba, na harare shi, ya mayar da bakinsa ya rufe.

Ban san yadda zan kwatanta maka ba. Bangon ɗakina ya zama bakin kogi. Ruwan kore shar, rana tana wasa a kansa, ta lasifikokin baya kana jin igiyar ruwa tana dukan katako kamar a cikin kwalekwalen kake. Ga jarumi ga jaruma a inda muka saba ganinsu. A gefen dama kuwa, inda duk rayuwarmu babu komai sai bakin filafili, ga wani saurayi a tsaye a ƙarshen kwalekwale, dogo, baƙi, ya naɗe zanensa zuwa gwiwa, ya ɗaura jan ƙyalle a ka, kafaɗunsa suna sheƙi. Tabon nan na haɓarsa yana nan. Ka tuna wurin da kwalekwalen yake karkata, jarumi ya dafa gefe, sai ya daidaita, mu yi ta tafi? Ashe ba shi ba ne. Igiya ce ta taso ta gaske, saurayin nan ya taka gefen jirgin da ƙafa ɗaya, ya kwantar da jikinsa baya har gashinsa ya kusa taɓa ruwa, ya soka filafili ya murɗa, jirgin ya dawo. Kuma yana yi yana dariya, haƙoransa farare tas, kamar shi da kogin wasa suke yi.

Umma ce ta fara yin salati a hankali. Na tsayar da hoton daidai inda fuskarsa ta fito sarai. Alikoya ya tashi ya je har jikin bangon, inuwarsa ta rufe jarumin, ya ɗaga kai yana duban saurayin. Da ya juyo idonsa ya yi ja. Ya ce, "Moidu, ashe kai ne. Wallahi kai ne." Inna Pathumma kuwa ta dubi bango, ta dubi tsohon da ke gefenta, ta ce, "To wannan ɗin ina ka kai shi? Ni ba shi aka kawo mini ba." Aka fashe da dariya, wasu suna yi suna share hawaye. Nisar bai yi dariya ba. Ya sauko daga kujerarsa ya zauna a ƙasa wajen ƙafafun babansa, Kawu ya ɗora masa hannu a ka.

Na zaci Kawu zai ce a maimaita, ko ya juya ya tambaye mu wa ke haɗa mafarki da gaskiya. Bai yi ba. Ya ce in saki hoton ya ci gaba. Sai a nan Inna Pathumma ta raɗa mini cewa bai taɓa ganin abin da ya biyo bayan waƙar ba, domin kullum a nan ake fara yi masa dariya, shi kuma ya ɗauki takalminsa ya fita. Haka muka zauna muka kalli sauran tare da shi, mu da muka haddace kowace kalma, shi kuwa yana zaro ido kamar yaro. Ya yi tsaki da uban yarinyar ya hana auren, ya ce wa jarumin ragon banza da ya hau jirgin ƙasa ya tafi. Da aka zo ƙarshe, inda ta kwanta ciwo ta rasu kafin ya dawo, sai na ji kujerar tsakiya tana girgiza. Kawu kuka yake yi, irin wanda ban taɓa ganin ya yi ba. Muka ɗauka ganin ƙuruciyarsa ne ya taɓa shi, Umma ta fara lallashinsa. Ya girgiza kai ya ce, "Ni fa lafiya lau na haye da yarinyar nan. Lafiya lau na sauke ta a tudu na ba su. Ashe barinta suka yi ta mutu."

Washegari da safe aka gan shi a teburin Alikoya, yana yi wa masu sassaƙa bayanin yadda ake karɓar igiya a bakin kogi. Maganar likita ta mutu. Nisar ya roƙe ni in sake yin wata walimar, zai gayyato surukansa daga Malappuram, na ce sai dai ya kawo kifin da kansa. Kai kuma in za ka zo hutu, ka taho mini da abin rataye majigi a silin, domin yanzu duk wanda ya miƙe sai kansa ya fito a bango. Kada ka sayi mai arha, na ga irinsu, rawa suke yi.

Ka gaishe mini da Shamna, ka ce mata garin yajin da ta tambaya yana hanya. Ka shafa mini kan Fidha da Aslah. Umma tana sa maka albarka, ta ce ka rage shan shayi. Baban Rinsha da Rinsha suna gaisuwa, haka Inna Pathumma da Nisar. Kawu Moidu ya ce in gaya maka in ka zo zai kalla tare da kai, amma daga an gama waƙar kogi zai tashi, ba zai iya sake ganin abin da suka yi mata ba. Allah ya tsare mana ku, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yayarka mai ƙaunarka,
Sulaikha