Ƙashin Saniya Ya Bar Makaranta, Baba

Assalamu alaikum, Baba. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko da ranka ma sai na karanta maka, kana gyara mini Hausa. Amma albishir ba ya zama a ciki.

Inna lafiya lau, albasarka ta bakin madatsa ta yi kyau bana.

Ka tuna ƙashin saniyar da ake rataya wa duk wanda ya yi Hausa a makarantarmu ta Kaya? Mai ɗauke da shi sai ya yi ta kasa kunne, ya kama wani ya sauke masa. Na koyi kame bakina, har malamai suka ɗauka daƙiƙiya ce ni. Ranar da aka rataya mini shi, ka zo da taɓo a ƙafa, ka cire shi daga wuyana, ka tambayi hedimasta yadda yaro zai fahimci abin da aka hana shi tambaya. Suka yi maka dariya. Washegari aka mayar mini da ƙashina.

Ban taɓa faɗa maka ba: ina bakin taga ranar, na ga ka tsaya bayan aji kana goge ido da hularka. A nan na ɗauri niyyar zama malama.

To, Baba, a makarantar da nake shugabanta a Mafara, mai makarantar ya sayo nasa ƙashin daga mahauta. Ya ce ko Turanci zalla, ko in nemi wani wurin. Iyaye da yawa suna bayansa, kuma ban ga laifinsu ba, jarrabawa da Turanci ake yin ta. Wa ke son a bar ɗansa a baya?

Na roƙi iyayen su zauna a bayan aji kafin su yanke hukunci. Na koyar da yadda ruwa ke hawa jikin shuka da Turanci, yara suka yi tsit kamar an aiko musu da mutuwa. Na maimaita da Hausa, sai hannuwa suka tashi, har gardama ta kaure a kan dawa da shinkafa. Da na koma Turanci, amsa suka riƙa ba ni da shi, mai karyewa amma tasu ce. Wani dillalin shanu daga Bakura, wanda ya fi kowa zafi, ya ji muryar ɗiyarsa a aji karon farko, ya rasa inda zai sa fuskarsa.

Iyaye suka zaɓi harsuna biyu, mai makaranta ma ya haƙura. Mun yi nasara, Baba! Wa ke dariya yanzu? Murna ta cika ni, kewarka kuma ta hana ni cin abinci.

Ƙashin kuwa na jefa wa karen maigadi, shi ne ya san amfaninsa.

Allah ya haskaka makwancinka, ya sada mu a Aljanna.

Ɗiyarka da ta daina kame baki,
Hadiza