Sawun Farko a Kan Dutsen

Asabar, 20 ga Janairu
Sanyi mai tsanani, sama garau. Raɓa ta daskare a kan dusar ƙanƙara, sai ƙyalli take yi. Na ce wa mijina Eilif ya zo ya ga kyau, shi kuwa ya ɓata rai, wai in sabuwar dusa ta rufe ta, za mu ji jiki. Mutumin nan ba ya ganin abin daɗi ya bar shi.

Laraba, 27 ga Maris
Saura kwana huɗu Ista. Duk shekara wanda ya fara sauko da katakon zamiya daga kan dutsenmu ranar Lahadi, gari duka na ganin sawunsa ta taga. Bara maƙwabciyata Gunvor ta riga ni, har yau ba ta bar ni na sha ruwa ba. Yau a kanti ta ce mini: "Ragnfrid, gwiwar taki za ta kai?" Za ki gani, tsohuwar banza!

Juma'a, 29 ga Maris
Mun hau rabin hanya. Eilif ya tsaya haƙa rami kamar gafiya don ya duba dusar, ina ta yi masa tsiya. Ya ce in sa hannu can ƙasa. Raɓar Janairun ce, ta zama kamar garin sukari, dusa mai nauyi zaune a kanta. Na ce to, sai me? Na yi gaba taku kaɗan, ƙasa ta yi "wuf" a ƙarƙashina, tsaga ta ruga ta gabana. Eilif ya ce dusar na shirin zaftarowa. Mun juyo, lemon da na yi guzuri ma ban sha ba.

Asabar, 30 ga Maris
Na buga wa Gunvor waya kada ta hau. Dariya ta yi har da tari. "Wayo za ki yi mini? In zauna, ke ki lallaɓa da asuba?" Na rantse, ta ƙi yarda. Haushi ya kama ni, na saɓa katakona a kafaɗa, na je na jefa mata su a zaure. Na ce ga su nan, kulle su, ke ma ki zauna. Ta daɗe tana kallona. "Ashe da gaske kike." A'a, wasa nake, shashasha!

Lahadi, 31 ga Maris
Ista. Dutsen fari fat, ba sawun kowa. Mun zauna a barandarta da kofi da wainar fulawa, muna musun wadda za ta ci da mun hau. Ni ce mana.

Talata, 2 ga Afrilu
Da hantsi gefen dutsen ya zaftaro gaba ɗaya, daidai inda muke bi. Ba kowa a wurin. Gunvor ta kira. "Kin gani?" Na ce na gani. Can ta ce in zo in kwashe tarkacena. Na ce sai Alhamis, ta ɗora kofi.
Kofinta ba daɗi ko kaɗan. Zan dai je.